Babi Na Bakwai Da Babu Wanda Ya Koya Mana

Ranar Litinin ta farkon watan Satumba, shekarar da na shiga ajin ƙarshe na sakandare, aka raba mana jadawalin darussa muna tsaye a farfajiyar makaranta ana yayyafi. Na duba layin kemistiri sai na ga suna biyu: Mis Dobson ranar Litinin, Mista Reid ranar Alhamis. Ban kawo komai a raina ba. Na ninke takardar na cusa a aljihu, na ruga wajen ƙawayena da ke jifan ƙwallo a bayan ɗakin cin abinci.

A unguwar Handsworth muke a lokacin, can ƙasar Turawa, cikin gidajen jan bulo da ke manne da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ji. Abba yana bincike a jami'a, fannin tarihi, Umma kuma tana gida. Kullum da safe ni ke wanke kofunan shayi, in ja kwandon shara zuwa bakin titi ranar da motar kwasar shara ta ƙaramar hukuma ke zuwa, in raka ƙanina Sadiku ƙofar firamare, sannan in bi bas da gudu. Burina ɗaya ne, in zama likita, kuma kwalejin da nake so ba ta ɗaukar ɗalibi sai ya ci A a kemistiri.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Ɗakin gwaje-gwajenmu yana yoyo, an kafa bokiti a kusurwa, mai shirya mana kayan gwaji ma an sallame ta. A da, duk Laraba akan tashe mu da wuri domin malamai su zauna su tsara wa zai koyar da me. A shekarar nan aka soke zaman, wai babu malaman da za a sake har na awa guda. Mis Dobson tana zuwa Litinin da Talata, Mista Reid daga Laraba zuwa Juma'a, ko a matakala ba sa haɗuwa. Wani littafi suke bar wa juna a aljihun tebur, kowa ya rubuta inda ya tsaya, shi ma kafin hutun Disamba ya yi ɓatan dabo. Tir da wannan tsari, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni na gano ɓarakar, domin Abba ya koya mini in riƙa sa alama a jerin babukan littafi. Babi na shida sau biyu aka yi mana shi. Da muka iso na bakwai, wanda ake amfani da wutar lantarki wajen rarraba sinadari, Mis Dobson ta ce Mista Reid zai yi mana. Ranar Alhamis shi kuma ya ce ai mun yi da Mis Dobson, ya juya shafi abinsa. Sauran 'yan aji murna ma suka yi.

Na kai wa Umma maganar tana tuƙa tuwon semo. Ko muciyar ba ta ajiye ba ta ce, "Ke Hajara, kul! Ba a gyara wa malami zance. Su da suka yi karatun ba su sani ba, sai ke?" Haka aka rene ta, haka ta rene ni. Sau uku ina ɗaga hannu a aji, in ya kai kafaɗa sai in mai da shi gyaran hijabi. Na karanta babin ni kaɗai a teburin kicin, ya ƙi shiga kaina, sai na yi ta lallashin kaina cewa za su dawo kansa lokacin bita. Ina! Babu wanda ya waiwaye shi.

Ranar jarrabawa na buɗe shafin ƙarshe, babbar tambayar duk daga babi na bakwai ta fito. Na zauna ina kallon zanen batir da wayoyi biyu har aka ce a ajiye biro. B na samu, kwalejin ta ba wata gurbina. Da na je karɓar sakamako na daure na gaya wa Mista Reid abin da ya faru. Ya zaro ido ya ce, "Hajara, me ya hana ki faɗa?" Manya sun soke zaman malamai, sun bar ajinmu a hannun littafin da ya ɓace, amma tambayar a kaina ta ƙare, ni 'yar shekara goma sha shida.

Yanzu a unguwar Levenshulme nake, ina aiki a wani kantin magani a kan Stockport Road, ina miƙa wa mutane abin da likitoci suka rubuta. Ina kewar yarinyar nan mai sa alama a jerin babuka, da yadda ta tabbatar wa kanta za ta sa farar riga. 'Yata Nana shekararta shida, malamarsu ta ce hannunta ba ya sauka a aji, har gyara mata lissafi ta taɓa yi. Da Umma ta ji ta tafa hannu ta ce, "Wannan jikar tawa ba ta da ta ido!" Ni dai har gobe ban iya gyara wa babba zance ba. Amma hannun Nana, ba ni zan sauke shi ba.