Haɓon Liman Almustapha

Shekara talatin da ɗaya Malam Almustapha yana jan salla a wani ƙauye kusa da Hawandawaki. Gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, muryarsa ma ba ta a zo a ji ba ce. Abin da ya mallaka a duniya shi ne buzun nan na gaban sahu, kuma yana ji da shi ba kaɗan ba.

Da bazarar bana haɓo ya sa shi gaba. Tun yana zuwa masa a gida, matarsa Biba tana ɗaga masa kai sama tana sheƙa masa ruwan randa, har ya fara bin sa masallaci. Da ya kai goshi ƙasa sai jini ya ɓalle. Hukuncin kuwa ya san shi kamar yunwar cikinsa, don shi ke karantar da shi: in jini ya kwararo wa liman, sai ya toshe hanci, ya jawo na bayansa ya ƙarasa sallar. Na bayansa Ɗayyabu ne, ɗan ƙanensa, wanda ya dawo daga karatu da ƙira'a mai daɗi. Sau uku cikin mako guda Malam yana miƙa hannu baya ya kamo rigar Ɗayyabu, kowane karo da ɗacin rai.

Biba ta tasa shi gaba har gidan likita a Tasawa. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ɗaura masa abin awon jini a damtse, ya haska hancin da tocila.

"Baba, tansiyonka ya hau, hawan jini ke nan, ga wata jijiya ta tsage cikin hancin," in ji majo. "In jinin ya zubo ka bar ɗaga kai, haɗiye shi kake. Ka sunkuya kaɗan, ka matse hancin minti goma."

Ya cusa masa auduga, ya ba shi ƙwayoyi. "Ban da shaƙa ruwa, ban da fyacewa. Kwana bakwai kada goshinka ya taɓa ƙasa. Ka yi sallarka zamne."

"Zamne?"

"Ai ku kunka ce an yarje ma marar lafiya."

An yarje mana. Abin da majo bai sani ba, na zaune ba ya jan na tsaye. In Malam ya bi magana, buzu ya zama na Ɗayyabu har kwana bakwai, kuma kunnen da ya saba da ƙira'ar nan wa zai ce ya nemi ta tsoho? In ya ƙi, jini ne zai fitar da shi a gaban kowa. Gaba kura, baya siyaki.

Kwana biyu ya yi a ɗaki, yana jin Fatihar Ɗayyabu ta kan katanga. Amin ɗin mutane ma ji yake ta fi ta da ƙarfi.

"Malam, ka yi ma Allah ka zamna," in ji Biba. "Masallacin ba gudu zai yi ba."

"Shi ba ya gudu. Mutanen cikinai ke gudu."

Rana ta uku da la'asar ya zare audugar da kansa, ya yi alwala a hankali, ya tafi. Jama'a suka buɗa masa hanya, Ɗayyabu ya koma sahu. Raka'ar farko ta wuce lafiya, har Malam ya fara jin sanyi a ransa. Yana miƙewa zuwa ta biyu sai ga ɗigo a kan buzu, sannan abin ya kwararo har gemu.

Ya toshe hanci da hagu, ya miƙa dama baya yana laluben rigar a inda ya saba samun ta. Hannunsa bai kama komai ba. Ɗayyabu ya riga ya tako, yana tsaye daf da kafaɗarsa, yana jiran ya ba shi wuri.