Kano Ta Fi Shagari Kusa

Bodinga

Na fita gida kafin kiran asuba, zamanin Turawa na ƙasar nan, zan je Kano sayen keken ɗinki. Wani attajiri da nake yi wa riguna ne ya biya mini kujera a jirgin sama. Ina jiran mota a bakin kasuwa sai ga Mamman mai goro da saƙo daga Shagari. Baffa Sani, wanda ya fara ɗora mini allura a hannu, yana kwance ba lafiya. Baffan ya ce ba a zuwa Kano sai an yi sallama da manya.

"Haba Mamman," in ji ni, "yanzu Kano ta hi Shagari kusa. Awa biyu ce a sama. Kahin jakinka wanga shi kai gida na sauka."

"To, ɗan jirgi! Haka zan gaya mishi?"

"Ce mishi jibi ina nan tahe da tsaraba."

Sakkwato

Mun isa filin jirgi da hantsi. Aka ɗora ni a sikeli, ni da jakata, kamar buhun gyaɗa. Akawu ya ce mil ɗari biyu ne da ɗoriya. Da muka tashi kunnuwana suka toshe, shanu a fadama suka koma kamar tururuwa. Muka ɗan sauka a Gusau, azahar kuwa a Kano na yi ta, ina ji da kaina.

Kano

Na sauka a Fagge gidan wani Basakkwace, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka. Washegari na sayi keke, na nufi ofishin jirgi. Akawun ya dube ni ya yi dariya. Ashe jirgin Sakkwato ba kullum yake tashi ba, mai zuwa ya cika, keken kuma ya yi nauyi. Tsawon zuwa kawai na tambaya, ban taɓa tambayar dawowa ba.

Dole na bi mota, ga damina. Da an yi ruwa sai a rufe hanya da shinge har ƙasa ta sha iska. Muka kwana a Funtuwa, muka maƙale a laka bayan Gusau. Da na matsa wa direba sai ya ce, "Malam, kai da ka zo ta sama, ka koma ta sama mana." Fiye da mako muna hanya.

Shagari

A Bodinga ko kwance keken ban yi ba, na ari jaki. Rabin yini kawai, da la'asar na isa. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gida. Ranar sadakar uku ce.

Inna Hajo, matarsa, ba ta yi mini faɗa ba. Ta shiga ɗaka ta fito da wata jakar fata, cike da garin gero da yaji da dakuwa.

"Da Mamman ya hwaɗa mishi, dariya yay yi," in ji ta. "Yac ce jirgi ko ba jirgi, Kano Kano ce, kada a bar ka ka tahi ba guzuri. Muka daka, muka aika, aka ce ka tashi."

Guzurin mako biyu ne, irin na masu tafiyar ƙasa.

Gida

Washegari na dawo Bodinga da magariba, jakar a cinyata. Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Mamman da bai taɓa maimaita mini maganata ba. Garin nan na dama shi kullum da safe har ya ƙare, ina zaune a gida. Allah ya jiƙan Baffa, ni kuma ya yafe mini.