Mai Tashi Ba Ya Shuka Doya

In ka shiga kasuwar Lafiya ta wajen 'yan doya, ka wuce masu manja, ka yi ta kutsawa har can ƙurya inda kwata ke bi ta bayan rumfuna, za ka tarar da wata mace doguwa tana ɓarar agushi, ko kallon hannunta ba ta yi. Zuwairatu ke nan. Ba a kan kujera take zama ba, a kan wata ƙatuwar jaka take zama, irin ta masu ƙaura, an ɗaure ta tamau da igiya. Kada ka tambaye ta abin da ke ciki in kana sauri. Ni dai bari in ba ka labarin, don ya daɗe yana ci mini rai.

Ba nan ne wurinta na asali ba. A bakin kasuwa ta tashi, inda duk mai shiga sai ya gifta ta gaban teburin uwarta, Inna Muhibbat, wadda ta yi shekaru tana auna agushi da riɗi a wurin har idonta ya soma hazo. Kakan Zuwairatu daga Kano ya zo fataucin gishirin Keana, ya ga gari ya zauna. Ita kuwa Kano a bakin mutane kawai take jin ta. 'Yar Lafiya ce gaba da baya. Tana ciniki da yaren Alago, ta yi wa 'yan ƙabilar Eggon ba'a da yarensu, ta juya ta amsa gaisuwar Tibi, duk a zama ɗaya.

Ta auri Muntaka, dillalin hatsi mai loda motoci zuwa arewa. Auren bai yi nisa ba. Ya ce matarsa ba ta zaman kasuwa, ta ce uwarta da wannan tebur take ci. Ɗansu Mahir yana rarrafe aka rabu, ba zagi ba duka. Yaro ya zauna wurin uwa, ya girma tsakanin teburinta da na maƙwabciyarta Hembadoon, wata Batibiya mai sayar da doya, wadda ta goya shi har zanenta ya koɗe. Uban yakan leƙo lokacin Sallah da sabuwar riga, wani lokaci ta yi wa yaron daidai, wani lokaci ta tsaya a cibiya.

To ka ji abin da ya tayar da rigimar, don ka san ƙanƙantarsa. Wata rana Muntaka ya biyo ta bakin kasuwa da abokan cinikinsa baƙi. Mahir, lokacin ya soma firamare, ya sheƙo da murna ya durƙusa ya gaishe da ubansa. Sai dai da yaren Tibi ya fara, don shi ne a bakinsa a lokacin. Baƙin suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Alhaji, ashe a Binuwai ka yi ajiya ba ka faɗa mana ba." Shi ke nan. Dariyar 'yan mintoci. Sati bai zagayo ba sai ga sammaci daga kotun yanki.

Zuwairatu ta tafi da ƙarfin gwiwa, domin kowa ya san riƙon yaro na uwa ne muddin ba ta yi aure ba, ita kuwa ta kori manema saboda wannan. Abin da ba ta sani ba, Muntaka ya zauna da wani mai sanin littafi, an nuna masa ƙofar da ake bi. Ya miƙe ya ce shi ba ya ja da riƙonta. Shi dai tashi zai yi, zai koma Kano da zama, kuma zai tafi da ɗansa.

Alƙalin dattijo ne, ba mugu ba, kada in ɗauki alhakinsa. Ya yi mata bayani a hankali. Ya ce riƙo nata ne, gaskiya. Amma idan uba zai ƙaura zuwa gari mai nisa da niyyar zama, ba fatauci ba, kuma hanya da aminci, to yana da ikon tafiya da ɗansa.

"Allah ya gafarta Malam," in ji ta, "in ni ce zan tashi da yaron fa?"

"Sai ki bar shi, in uban bai yarda ba."

"In na tafi in rasa, in ya tafi in rasa."

Alƙali ya gyara tabarau. "Haka yake a rubuce, baiwar Allah."

Da ta koma kasuwa ta kasa ɓare ko ƙwaya ɗaya. Hembadoon ta saurara har ƙarshe, sannan ta tafa hannu. "Wane Kano? Maman Mahir, wannan mutum ba ya zuwa ko'ina. Ƙanena Terfa yana ƙauyen Adogi nan kusa yanzu yanzu, yana tara masa tuddan doya. Gona babba. Ni da kaina na sayar masa da iri. Ka taɓa ganin mai tashi ya shuka doya? Doya ba alayyafo ba ne, sai ka zauna ka jira shi."

Ranar zama na gaba Hembadoon ta rufe doyarta da buhu, ta ɗaura sabon zane, ta je ta faɗi wannan a gaban alƙali, har tana nuna tsayin tuddan da hannu. Mutane suka yi dariya. Muntaka ya ce mutum yana iya noma a Lafiya yana zaune a Kano, ai shi ya sa aka yi mota. Alƙali ya ce doya ba ta shiga zuciyar mutum ta faɗi niyyarsa, don haka sai rantsuwa. Aka kawo Alƙur'ani. Wallahi na so a ce hannunsa ya yi rawa. Bai yi ba. Ya yi alwala ya rantse cewa bayan babbar Sallah zai tashi, kamar mai karanta farashin buhu.

Shekarun nan duka, zazzaɓi, ƙyanda, wankin kashi, rakiyar makaranta, an ɗora su a sikeli guda, an ɗora maganar baki a ɗaya, maganar ta rinjaya. Zuwairatu ta tambaya ko babu wata hanya.

"Akwai guda," in ji alƙali. "In kika bi su kika zauna a garin da zai zauna, riƙonki yana nan."

Muntaka ya yi murmushi. Ya san teburin, ya san tsohuwa mai hazon ido. Ai saboda su ta bar gidansa.

"Zan bi su," in ji Zuwairatu.

"Ke wa kika sani a Kano?" Muntaka ya juyo, ya manta a kotu yake.

"Na san yaron nan. Ya ishe ni."

Kuma ba cika baki ta yi ba. Ta kai Inna Muhibbat ƙauyen Ashige wurin yayanta, tsohuwa na kuka tana lalubar fuskar jikanta. Ta je ta yi sallama da shugabar matan kasuwa, wurin da uwarta ta tsufa a kai aka ba wata mai tumatir tun kafin inuwarta ta gushe. Ta karɓo takardar canjin makaranta. Ta ɗaure kayansu a jaka ɗaya. Ranar da aka sa, tun da hantsi tana tasha, Mahir na gefenta da sabon aski, Hembadoon ta ƙulle musu soyayyar doya.

Motar Kano ta farko ta cika ta tashi. Ta biyu ma haka. Rana ta take tsaka. Can wajen la'asar sai ga saƙo ta bakin wani ɗan acaɓa: Alhaji ya ce a koma gida, tafiya sai ya cire doyarsa.

Hembadoon ta zauna a kan benci ta yi dariya har da hawaye. Zuwairatu ba ta yi ba. Ta ɗora jakar a ka, washegari ta kai ta gaban alƙali ta dire. Dattijon ya dubi jakar. Ya ce yaro ya zauna wurin uwarsa har ranar da uban ya tashi da gaske. Ta ce, rantsuwar fa? Ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, mutum yana iya yin niyya ya fasa.

Ka ji fa. Shi ya fasa niyya, ko hularsa ba ta karkace ba. Ita da ta je neman wurinta, shugaba ta ce wanda ya yi sallama ya saki, haka dokar kasuwa take, ba a tayar da mai tumatir. Sai bakin kwata aka samo mata, inda mai saye ba ya isowa sai ya ɓata hanya. Inna Muhibbat ba ta dawo ba, a Ashige ta cika kafin kaka.

Doyar Muntaka kuwa ta yi kyau a shekarar, ta sake yi a ta gaba. Har yau yana Lafiya. Amma ƙofar nan da aka nuna masa ba a rufe ta ba, duk ranar da ya ga dama yana iya sake cewa zai tashi. Shi ya sa Zuwairatu ba ta kwance jakar ba. Takan canza kayan ciki in yaron ya fi ƙarfinsu, ta sake ɗaurewa ta zauna a kai. Mahir yana tasowa daga makaranta ya same ta a nan, ya gaida Hembadoon da Tibi, ya gaida uwarsa da Hausa, ya ja farantin agushi.

Wani lokaci ciniki kan kawo Muntaka ta layin, yana sauri, kansa a ƙasa. Ba ta ɗaga murya. Takan bari sai ya zo daidai teburinta, ta buga jakar da tafin hannu.

"Baban yaro, ina kwana. Yaushe ne tafiyar? Mu dai a shirye muke."