Malam Amadu Mainasara da Rijiyar Gindin Tsauni

An haifi Malam Amadu Mainasara a shekarar 1957 a Kwarin Kabo, ƙasar Dutsi. Mahaifinsa Malam Jibril manomi ne, sunan mahaifiyarsa Kande.

Karatu da Sana'a

Bayan ya sauke Alƙur'ani a 1972, ya koyi haƙar rijiya wurin kawunsa Auta. A jerin gajerun tsaunukan da ke gabas da ƙauyen ne ya naƙalci ƙasa, har ya san inda jan marmara yake ƙarewa da inda ruɓaɓɓen dutse mai riƙe ruwa yake farawa. Baƙin dutse kuwa ya kasa shi biyu, akwai "uwa", wadda ba a iske ƙarshenta, akwai "baƙo", curin dutse da ruwa ke kwance a ƙarƙashinsa. Da amon diga yake bambance su.

Iyali

Ya auri Shatu a 1981. Duk da surutun dangi, ya tsaya tsayin daka sai da 'yarsa Zubaida ta karanci ilimin duwatsu a jami'a.

Rijiyar Gindin Tsauni

A ranin 2016, ganin yadda matan ƙauyen ke yini neman ruwa, ya fara haƙa a gindin tsaunin tsakiya. A zurfin gaba goma sha ɗaya ya ci karo da baƙin dutse, ya ce baƙo ne. Zubaida ta shimfiɗa taswira a gaban jama'a, ta ce uwa ce, a daina wahalar banza. Ya ce, "Tunda ke kika karanta, Zubaida, na ajiye diga."

Shekara bakwai ana kiran wurin Ramin Mainasara, aka daina kiran Malam Amadu aiki, bai taɓa ɗora laifin a kan kowa ba. A Maris 2023, yana kwance ba lafiya, aka kawo injin burtsatse ramin, ya huda dutsen, kaurinsa bai kai kamu uku ba, ruwa ya taso. Da aka kawo masa a moɗa, ya sha, ya tambayi kaurin dutsen kawai, ya yi hamdala.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 11 ga Afrilu, 2023. Da ruwan rijiyar aka yi masa wanka, aka binne shi a maƙabartar Kwarin Kabo bayan azahar. Ya bar matarsa Shatu da 'ya'ya biyar: Hafizu, Ummukulsum, Yazid, Khairunnisa, da Zubaida, wadda ta rubuta wannan tarihi domin a san kuskuren ba nasa ba ne. Allah ya jiƙansa.