Fentin da ya ƙi bushewa a jikin motar yayana

Malam Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ni saurayi ne a wani ƙauye kusa da Ƙarfi, manomin auduga da gyaɗa, mai rawar kai da son a ce na iya. Abin da na sani game da mota bai wuce wanke ta ba. Yayana ne direba, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake jigilar mutane da buhuna tsakanin Malumfashi da Funtuwa. Zazzaɓi ya ɗauke shi a wata damina, ya bar mace da yara ƙanana. Dattawan gidanmu suka yanke shawara a sayar da motar a saya wa marayun shanun huɗa da garma, don uwarsu ta zauna a ɗakinta, gonar ubansu ta riƙe su.

An ma samu mai saye, wani mutumin kudu mai shagon kayan gyaran mota a Funtuwa, wanda ya san yayana. Ya ce zai karɓe ta yadda take, a ba shi zuwa bayan kasuwar auduga. Sai dai da zai tafi ya shafa ƙofar, ya ce tsatsa ta fara ci. Maganar nan ce ta tsaya mini a rai. Na raya cewa in na yi mata fenti dole ya ƙara farashi, marayu su samu shanu masu ƙiba, ni kuma a yaba mini. Ban shawarci kowa ba. Na je kasuwa na sayo gwangwani guda na koren fentin ƙofa, don shi aljihuna ya kai. Mai shagon ya ce ba zai isa ba, na ce masa ya bar mini wannan.

Da gaskiyarsa, ban kai rabi ba fenti ya kusa ƙarewa. Ina tsaye da burushi a hannu sai idona ya faɗa kan tulun man gyaɗar Inna, don sana'arta ƙuli-ƙuli. Mu da muka saba shafa shi a ƙotar fartanya da ƙwarya su yi sheƙi, na ce ai mai duk mai ne. Na tsiyaya, na dama, fenti ya ƙaru har da saura. Wallahi a ranar, motar nan ta yi ƙyalli, maƙwabta suka yi ta leƙowa suna sa mini albarka, ni kuwa ina ta hura hanci.

Washegari na taɓa, danƙo. Na ce rana za ta busar da shi. Mako ya zagayo, yana nan yadda yake. Ga shi kaka ce, auduga jibge a tsakar gida, mata suna sheƙar dawa. Duk abin da iska ta ɗauko sai ya liƙe: zaren auduga, ƙaiƙayi, gashin kaji, ƙudaje. Yaran gari suka laƙaba mata suna tunkiyar gidanmu. Na goga toka, na goga sabulun salo da yashi, na zuba kananzir har robar gilashi ta kumbura. Na koma kankara da wuƙa, inda na kankare ƙarfe ya fito tsirara, inda na bari yana nan yana naso. Ban taɓa jin na rasa yadda zan yi ba kamar a kwanakin nan, ina aiki ina kuka.

Mai saye ya zo, ya zagaya ta, ya dangwala yatsa ya goge da hankici. Bai yi faɗa ba. Ya ce man gyaɗa ba ya bushewa har abada, in kankare ta tas zai dawo ya duba. Kafin in gama ruwa ya sauka, tsatsa ta cinye duk inda na buɗe. Sai kuma ƙasa ta rikice, mutumin ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Duk wanda muka yi wa talla, kallo ɗaya yake mata ya juya.

Babu shanu, gona ta kwana ba huɗa. Mahaifin matar yayana ya zo daga Dandume ya ce zai tafi da 'yarsa da jikokinsa. Da na durƙusa neman gafararta sai ta ce in tashi, ta san alheri na nufa. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Da za su fita, ƙaramar 'yar ta zame daga hannun uwarta, ta ruga ta dafa ƙofar motar, wai sallama take yi da motar Baba.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta zama iyawa. Jama'a, in kayan marayu suka shigo hannunku, kada ku gwada basira a kansu, ku tambayi masu sana'ar, ko ku bar su yadda kuka same su. Gangar jikin motar tana nan a bayan gidanmu, kaji na ƙwai a ciki. Ƙofar nan kaɗai na kasa kankarewa, don shatin tafin hannun yarinyar yana jiki, ita kuwa ba ta sake kwana a gidan ubanta ba.