Ranar da Keken Ɗinki Ya Yi Shiru

A gidanmu na Ƙofar Gayan ba a watsa wa murhu ruwa don an sauke tuwo. Garwashin na kakata ne, Iya Dije, mahaifiyar babanmu. Da an idar da magariba an ci abinci, sai ta jawo kujerarta gindin murhun, ta binne dankali a toka, mu kuma mu kewaye ta. Wanda bai wanke hannu ba, ko ya yi wa babba tsiwa da rana, can bakin rijiya zai tsaya ya saurara daga nesa. Iya ba ta duka, amma ba abin da ke wuce idonta. Ni kaifin idon na gada a wurinta, zaƙin bakin kuwa ta tafi da shi.

Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Sai ta ƙwanƙwasa muciya a jikin murhu ta ce, "Ga baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu haɗa baki mu ce, "Ta hau tamu." A cikin duk waɗanda ta ba mu, akwai ɗaya da ba na so ina yarinya, don ba ta da ƙarshe. Ita ce ta goruna biyu.

Wai wata mata ce da 'yarta ta yi aure a wani gari, tafiyar wuni guda. Duk ranar kasuwa sai uwar ta ƙulle daddawa da kuka, ta taka ta je ta gan ta. Wata rana a hanya ta taimaki wata tsohuwa da ɗaukar itace, tsohuwar ta saka mata da goruna biyu da suka fito daga yaɗo ɗaya. In ka yi magana a bakin wannan, sai ta fito ta bakin wancan, ko ina yake. Uwa ta riƙe ɗaya, ta kai wa 'yarta ɗaya. Kullum da sassafe 'yar tana daka tana magana a goranta: "Inna, na kwana lafiya." Uwa ta ji murya, ta ji luguden taɓarya a bayan muryar, hankalinta ya kwanta. Ƙafa ta samu hutu. Kasuwa ta ci, wata ta ci, uwa ba ta je ba, har ciyawa ta rufe hanya.

Sai ciwo ya kwantar da 'yar. Amma ba ta son tayar da hankalin uwarta, kullum sai ta ja jiki zuwa goran ta ce, "Inna, lafiya lau." Ran nan tsohuwar nan ta biyo ta ƙofar gidan uwar.

A nan Iya kan sirantar da murya. "Ta ce, 'Ina labarin 'yarki?' Uwa ta ce, 'Lafiya lau take, yanzun nan na ji ta.' Tsohuwa ta ce, 'Ita ta ce, ko ke kika gani? Yaushe rabon da ki ji turminta?'"

Uwa ta ƙirga, kwana bakwai ke nan murya kaɗai take zuwa, babu daka. Ta yar da tsintsiyar hannunta ta kama hanya, ƙaya na yagar zanenta, don hanyar ta daɗe ba ta ga ƙafa ba.

Daga nan sai Iya ta sa tsinke ta fara tono dankalinta.

"Iya, ta same ta da rai?" Ni ce mai tambayar kullum.

"Je ki tambayi ƙafarta."

Yayata Ladi ta taɓa cewa da ita ce da ta fasa goran, tunda shi ya jawo. Iya ta harare ta. "Goran me ya yi, uwar iya magana? An ba shi lafiya lau, ya kai lafiya lau. Ɗan aike ne, ba a ce ido ne ba."

Na girma, na aurar da 'ya'ya, Iya ta daɗe a ƙasa, ni kuma na manta da gorunan. Sai ɗana Habibu da ke aiki a Fatakwal ya aiko mini da babbar waya, irin wadda ake shafawa. Da farko na ce a mayar masa da kayarsa. Ni da ban taɓa zama a aji ba, baƙi ɗaya ban sani ba, me zan yi da madubi mai magana? Amma da matarsa ta zo, ta zauna da ni kwana biyu, ta saka hoton kowa a kan lambarsa, ta nuna mini inda zan danna in yi magana, saƙon ya tafi da muryata.

Gaskiya ɗaya ce, ta yi mini rana. Ina zaune a kan tabarmata nake ganin fuskar jikokina na Fatakwal, har wanda ya zubar da haƙori ya buɗe mini baki in gani. Ina jin karatu ina tsince shinkafa. In an ɗauke wuta ita ce fitilata. Haihuwa ko rasuwa, kafin mai shela ya ɗaura rawani labari ya iso. Sai dai ina kallon abin da take yi wa mutane, kuma ban yi shiru ba. A yi rasuwa a Gyallesu, nan kusa da mu, mace ta aika "Allah ya jiƙan rai" tana kwance a gado, ta ce ta yi gaisuwa. Ga ƙarya da ke yawo a guruf ɗin dangi, yau a ce kada a ci kaza, gobe a ce wane ya mutu alhali yana kasuwa. Ga cin data kamar akuya a rumbu, in caji ya ƙare kuma ta koma marfin tukunya. Duk wannan na gani a jikin wasu. Nawa laifin ban gan shi ba.

Ina da 'yar fari a Gyallesu. Ba zan faɗi sunanta ba, kun san ba a faɗa. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, haka muka taras ana yi. In na je gidanta, da yaranta nake hira, ita kuwa ta gefen ido nake duba ta: ta rame ne, ta yi haske ne. Tela ce, kekenta ba ya hutawa. To da waya ta zo, sai ta yi mini daidai da kunyata. Kullum da safe ta turo saƙo: "Inna, ina kwana, duk muna lafiya." Ina jin keken ɗinkin yana ƙara a bayanta. In shige ɗaki in saurara sau uku ba wanda ya gani, in amsa da "Madalla." Ni da nake zuwa duk Juma'a, sai ga shi na yi wata biyu ban taka ba. Ga ta kuwa da tsohon ciki, bayan shekara tara da yaye na ƙarshe, mijinta direba yana hanyar Legas. Cikin nan ba mu taɓa zancensa ba, ni da ita.

Wata Laraba da hantsi ina tankaɗe, na kunna saƙonta. "Inna, lafiya lau." Na ajiye rariya. Wani abu bai zauna mini ba, na rasa ko mene ne. A nan wayar ta yi abin da goran tatsuniya ba zai iya ba: na shafa sama, na koma saƙon jiya, da na shekaranjiya, har na mako guda. Na Juma'a akwai keke. Na Asabar akwai. Daga Lahadi, shiru. Ga bikin suna da na aure sun cika unguwa, wane tela ne zai rufe keke kwana huɗu? Muryar Iya na ji kamar tana bayana: ita ta ce, ko ke kika gani?

Ban kira ta ba, na san abin da za ta ce. Na zari mayafi, garin ma a buɗe na bar shi, na tari keke napep a bakin titi. Na isa na yi sallama sau biyu, yara duk suna makaranta, ba amsa. Na ɗaga labule na gan ta kwance a ƙasa gefen gado, fuska ta kumbura, ƙafa kamar turmi, ta riƙe kai da hannu biyu, wayarta a kusa da kunnenta. Sai ji na yi na kira sunanta. Shekara arba'in yana bakina bai taɓa fita ba.

Ta buɗe ido da ƙyar. "Inna, ba komai, ciwon kai ne."

"Rufe mini baki."

Wayar nan dai ita na danna, hoton ƙanwar mijinta mai aikin jinya. Ta ce kada in ba ta komai, ga ta nan da mota. A asibiti suka ce jininta ne ya hau sosai, a ranar suka ciro yarinya. Likitar, wata 'yar siririya da ba ta kai 'yata ba, ta dube ni ta ce, "Mama, gara da ba ku bari ta kwana ba." Na ce mata to. Na fita na sami gindin bishiya na zauna.

Ranar suna, ɗaki cike da mata, mai jegon ta dube ni tana murmushi ta ce, "Inna, ashe kin san sunana."

Na ce, "Ki sha kununki tun bai huce ba." Mata suka yi ta dariya, na bar su.

Yanzu na gane dalilin da Iya ta ƙi ƙarasa mana tatsuniyar. Ba ta san ƙarshen ba ne, don kowace uwa ita ke taka nata. Ban fasa gorana ba, yana nan a ƙullin zanena, har na sa an saya masa riga. Amma ran Juma'a, ko saƙo goma ta turo, sai na je na gani da idona. Jikokina na Gyallesu sukan kwana a wurina, in ƙwace wayoyinsu in kife a faifai, in ƙwanƙwasa muciya. Da na kai wurin ƙaya da yagaggen zane, babbar cikinsu takan tambaya ko ta same ta da rai. Amsar Iya nake ba ta, sai dai ni ina faɗa ina kallon ƙanwarta a cinyata.

Yau ma da safe saƙon ya shigo. Ban kula da abin da ta ce ba. A bayan muryarta keke na gudu, yarinya na tsala kuka, wani yana neman takalminsa. Na saurara sau uku, sannan na danna na ce, "Madalla."