Ranar da Na Kai Injin Maƙeri Bayan Rumfa

Akwai wani abu da ya faru da ni a Kurfi wanda na tabbata har in koma ga Ubangijina ba zai fita raina ba. Yanzu na tsufa, amma duk sanda na tuna shi sai in ji zuciyata ta tafasa.

A farkon shekarun 1980 ne, ina sabon malamin gona, an turo ni daga Dutsin-Ma ina zagaya ƙauyuka a kan babur. A Birchi na san wani dattijon maƙeri. Bai taɓa shiga aji ba, amma da tsohuwar ganga da sarƙar keke da ragar da ya huda da hannunsa ya haɗa injin ɓarar gyaɗa. Mutum ɗaya na juyawa, wani na zubawa, kafin azahar an gama aikin da mata ke kwana uku suna yi da yatsunsu.

Ana nan sai takarda ta zo cewa manya za su zo daga birni ƙaddamar da wani shiri na kawo wa manoma sabuwar fasaha, har da injin ɓarar gyaɗa daga ƙasar waje. Murna ta kama ni. Na je wurin maƙerin na ce masa, "Baba, ka kawo naka su gani. Irinku ake nema."

Ya ce, "Malam, kana ganin za su duba?"

Na rantse masa za su duba. A keken shanu ya kawo shi Kurfi, sanye da rigarsa ta Juma'a.

Babban jami'in da ya jagoranci baƙin yana saukowa daga mota idonsa ya faɗa kan injin Baba, wanda na ajiye kusa da sabon. Ya yatsine fuska ya ce, "Wannan tarkacen fa?" Na fara bayani, ya katse ni. "Ci gaba muka kawo, masu ɗaukar hoto na tafe. A kawar da shi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni na kawar da shi. Da hannuna na kama gefe ɗaya, Baba ya kama ɗayan, muka kai shi bayan rumfa wajen da aka ɗaure jakuna. Tsoron aikina ya hana ni buɗe baki.

Aka sha jawabai a kan kimiyya da bunƙasar arziki, aka tayar da sabon inji, aka zuba kwano biyu na wata gyaɗa mai manyan 'ya'ya da suka zo da ita. Ta fito tas, aka tafa, suka shiga motocinsu.

Washegari manoma suka kawo tasu. Aka zuba, sai ga rabi na fitowa da ɓawonta, rabi a farfashe. Baba ya leƙa ciki sau ɗaya ya ce, "Ramukan ragar sun yi wa gyaɗarmu faɗi, tamu ƙanana ce. A ba ni kwana biyu in huda wata."

Na garzaya ofis da wannan magana. Aka ce ba mai taɓa kayan gwamnati sai injiniya, wai maƙerin ƙauye zai lalata shi. Na rubuta takarda, na sake rubutawa. Injiniya bai zo ba. Littafin bayanin injin ma da wani yare aka rubuta shi, ko malamin makarantar da ke zaune kusa da mu, mutumin kudu mai ilimi, ya juya shi ya ce bai gane komai a ciki ba.

Manoma da yawa sun jibge gyaɗarsu suna jira, don ni na ce su jira. Ƙwari suka shiga wasu buhunan, kasuwar kaka ta wuce su. Da na ga haka na koma Birchi in roƙi Baba ya fito da nasa. Na same shi a maƙera yana bugun fartanya. Na tambaye shi ina injin, ya nuna mini wasu ƙarafa a gefe. Ya wargaza shi.

"Baba, don me?"

"An ce tarkace ne a gaban jama'a, Malam. Mutanen garin nan ma sun fara kirana mai tarkace. Fartanya dai ba wanda ya taɓa yi mini dariya a kanta."

Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma bai sake haɗa wani ba har ya rasu. Injin waje kuwa ya shekara da shekaru a harabar ofis, kaji na ƙwai a cikinsa.

Ban ƙi a kawo na waje ba, muna bukata. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a kawo shi a kuma wulaƙanta mutum ɗaya tilo da zai iya gyara shi ya dace da mu. Tun daga lokacin na gane ba a kai wa mutane fasaha a tsallake masu hikimar cikinsu, kuma ƙaramin ma'aikacin da ya yi shiru don tsoro, da hannunsa ake yin ɓarnar. Na yi shiru sau ɗaya, ban ƙara ba har na bar aiki.